Me Ya Sa Lasifika Ke Gurnani? Sirrin Yana Cikin Waya

Ranar da ƙanina ya yi saukar Alƙur'ani, mun kafa rumfa a ƙofar gidanmu da ke Rijiyar Zaki, can bayan titin Gwarzo. 'Yan uwa sun zo daga ƙauyukan Ungogo da Tofa, wasu tun da sassafe a kan babura. Don kada mu kashe kuɗin haya, sai muka fito da kayan sautin ɗakin yayana: amfilifaya ɗaya, sifikoki biyu da makirfo. Wayar makirfon ba ta wuce mita uku ba, alhali daga soron da muka ajiye amfilifayar zuwa tabarmar malamai akwai kusan mita 20. Sai yayana ya nemo ragowar waya a gida, ya ƙara wannan da waccan, ya ɗaure da salatif, ya ja ta ta gefen bango, kafaɗa da kafaɗa da wayar janareta.

Ana tayar da janareta, sifikokin suka fara wani gurnani mai kauri kamar sa a garke. Yaron ya karɓi makirfo ya fara karatu, amma na bayan rumfa ba sa jin komai sai gurnanin. Aka ƙara murya, gurnanin ma ya ƙaru. Na dubi fuskar mahaifinmu, na dubi yaron da ya yi shekaru yana jiran wannan rana, hankalina ya tashi.

Wani maƙwabcinmu da ke sa sauti a wuraren biki shi ne ya fid da mu kunya. Ya shiga gida ya fito da wata doguwar baƙar waya mai kan ƙarfe da ƙafa uku, da ƙaramar mikisa. Ya cire wayarmu daga gindin makirfon ya maƙala tasa, ya ajiye mikisar dab da amfilifaya, ya haɗa su da gajeriyar waya. Makirfon dai shi ne, sifikokin su ne, janaretan ma bai daina aiki ba. Amma gurnanin ya ɗauke ɗif, muryar yaron ta fito tar.

Tun ranar nake son in san abin da ke cikin wannan waya. Amsar kuwa, ɗalibai, tana cikin darussan da kuke yi a ajin Fiziks da Lissafi.

Daga ina gurnanin yake zuwa?

Aikin makirfo shi ne ya mayar da motsin iskar da muryarka ta haifar ya zama saƙon lantarki. Saƙon nan ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Batirin tocila yana ba da volt 1.5, amma abin da makirfo ke fitarwa bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin dubu na volt ɗaya ba. Shi ya sa ake buƙatar amfilifaya, wadda za ta ninka shi ɗaruruwan sau kafin ya iya motsa sifika.

Amfilifaya kuwa ba ta da kunnen da za ta bambance muryar malami da tarkace. Duk abin da ya iso bakinta, shi za ta ninka.

A shekarar 1831, wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana canzawa a kusa da waya, to lantarki zai ɗarsu a cikin wayar ko da ba a taɓa ta ba. A kan wannan ka'ida aka gina janareta da taransifoma. Ita ce kuma ta ɓata mana walima. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a kowane sakan. Ƙaramin janareta ma an ƙera shi ne ya juya sau 3,000 a minti ɗaya, wanda idan ka raba da 60 za ka sami 50. Duk wayar da ke ɗauke da irin wannan wuta tana baza ƙarfin maganaɗisu da na lantarki a kewayenta, masu canzawa sau 50 a sakan. Wayar makirfon da aka shimfiɗa a kusa sai ta kwashi wannan motsi, amfilifaya ta ninka shi, sifika ta fitar da shi a matsayin gurnani.

Idan ka kasa kunne da kyau lokacin da ake aiki da janareta, za ka ji muryar gurnanin tana sauka kaɗan idan aka kunna wani abu mai jan wuta kamar dutsen guga, domin injin ya ɗan rage gudu. A Amurka, inda wutarsu ke kai-komo sau 60, gurnanin nasu ya ɗan fi namu siririyar murya.

Waya tilo

Ɗauki wayar nan mai kai ja da fari da ake haɗa DVD ko dikoda da talabijin. Sunan kan nata RCA, daga sunan wani kamfanin rediyo na Amurka da ya fito da shi a shekarun 1930. Jan yana ɗaukar sautin dama, farin na hagu, mai ruwan ɗorawa kuma na hoto ne.

Idan ka feɗe ɗaya daga cikinsu, za ka ga siririyar waya guda ɗaya a tsakiya, an lulluɓe ta da roba, sannan an kewaye ta da saƙar zaren jan ƙarfe kamar raga. Ta tsakiyar ce ke ɗaukar saƙo. Ragar kuwa aiki biyu take yi: tana zama garkuwa daga hayaniyar waje, kuma ita ce hanyar da lantarkin ke bi ya koma inda ya fito, domin kun san lantarki ba ya tafiya sai da'ira ta cika. Masu sana'a suna kiran wannan waya anbalans. Mu kira ta waya tilo, tunda layin saƙonta ɗaya ne.

Rauninta a fili yake. Garkuwar tana tare wani abu, amma ba ta iya tare ƙarfin maganaɗisun wutar gida sosai. Duk hayaniyar da ta samu shiga sai ta gauraya da saƙon, kamar yashi a cikin gari, kuma babu yadda na'urar da ke karɓa za ta rairaye shi. Iya tsawon wayar, iya yawan abin da za ta kwasa. Shi ya sa masu aikin sauti ba sa son waya tilo ta wuce mita biyar zuwa shida. Mu kuwa mun ja tamu mita 20, rabinta ma ba ta da garkuwar kwata-kwata.

Waya tagwaye

Wayar maƙwabcinmu ita ce ake kira balans. A cikinta akwai layukan saƙo guda biyu, tagwaye, masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, an murɗa su a kan juna kamar igiya, sannan garkuwa ta kewaye su. A nan garkuwar aikin tsaro kawai take yi, ba ta ɗaukar saƙo.

Ku tuna da sikelin mai awo, irin mai faranti biyu. Sikelin ba ya gaya maka nauyin faranti ɗaya, bambancin da ke tsakanin biyun yake nunawa. Idan ƙurar hunturu ta sauka daidai wa daida a kan farantan biyu, allurar ba za ta motsa ba. Haka na'urar da ke karɓar waya tagwaye take aiki: tana auna bambancin da ke tsakanin layukan biyu ne kawai, ta yi watsi da duk abin da suka yi tarayya a kansa.

Bari mu sa lambobi. A ce ƙarfin saƙon 5 ne. Na'urar da ke aikawa za ta sa +5 a layi na farko, ta sa kishiyarsa, wato −5, a layi na biyu. A kan hanya, hayaniya mai ƙarfin 2 ta faɗa musu. Tunda tagwaye ne kuma a manne suke, kowanne ya sami 2. Layi na farko ya zama 5 + 2 = 7. Na biyu ya zama −5 + 2 = −3. Da suka iso, mai karɓa ya ɗebe na biyu daga na farko: 7 − (−3) = 10.

Yanzu ku sake lissafin da hayaniya mai ƙarfin 4. Na farko 9, na biyu −1, bambanci 10. Ku gwada da 20, za ku sake samun 10. Hayaniyar ta cinye kanta, saƙon kuma ya fito ninki biyu. Wannan ɗebewar lambobi masu alamar ragi da wasunku ke ƙorafi a kanta a aji, ita ce ke tsare muryar liman a manyan masallatai da muryar mai gabatarwa a gidan rediyo.

Sharaɗin dai shi ne hayaniyar ta shiga layukan biyu daidai wa daida. Abin da ya sa ake murɗa su ke nan. Da a shimfiɗe suke gefe da gefe, ɗaya zai fi kusa da wayar wuta, ya fi ɗan uwansa kwasa. Da aka murɗa su, kowanne yana zuwa kusa ya koma nesa bi da bi, sai rabon ya zo ɗaya. Da wannan dabara, waya tagwaye tana iya ɗaukar raunannen saƙon makirfo mita 100 ba tare da wani gurnanin a-zo-a-gani ba.

Dabarar ta girmi rediyo

Masu wayar tarho ne suka fara cin karo da wannan matsala. Layukan tarho na farko waya ɗaya ce a kan turaku, ƙasa kuma ita ce hanyar komawa. Da layukan telegiram da na wutar lantarki suka yawaita a birane, sai hayaniya ta cika tarho. A 1881, Alexander Graham Bell, wanda aka fi sani da ƙirƙiro tarho, ya yi rajistar fasahar wayoyi biyu da aka murɗa tare. Har gobe ita ake amfani da ita. Idan kuka duba cikin wayar intanet da ke haɗa kwamfutoci a cibiyar jarrabawar JAMB, za ku ga wayoyi takwas, an murɗa su biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan.

Kan ƙarfen nan mai ƙafa uku sunansa XLR, kuma kamfanin Cannon na birnin Los Angeles ne ya fito da shi, shi ya sa har yau wasu masu sauti ke ce masa kanon. Ƙafafunsa suna da lamba: 1 ta garkuwa ce, 2 ta saƙon asali, 3 ta kishiyarsa. Yana da ɗan maƙulli da ke hana shi zarewa idan wani ya taka wayar. Shi za ka gani a situdiyon Freedom Radio ko Rediyon Kano, da ɗakunan ɗaukar waƙa na masu fim a titin gidan Zoo.

Yadda za ka gane su

Kan RCA tilo ne a ko da yaushe. Kan XLR mai ƙafa uku an yi shi ne don tagwaye. Inda ake rikicewa shi ne kan jak, wato dogon kan nan mai kama da harsashi, wanda babbansa ke da kaurin milimita 6.35, ƙaraminsa na wayar hannu kuma 3.5.

Dubi baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Idan zobe ɗaya ne, ƙarfen ya rabu biyu ke nan, to tilo ne. Idan zobe biyu ne, ƙarfen ya rabu uku, yana iya ɗaukar tagwaye. Amma a kula: abin sauraro na kunne shi ma zobe biyu gare shi, kuma ba tagwaye ba ne. Shi layukansa biyu saƙo daban-daban suke ɗauka, ɗaya na kunnen dama ɗaya na hagu. Wato waya tilo biyu ce a riga ɗaya. Abin da na'urorin biyu ke aikawa da karɓa shi ke nuna ko haɗin tagwaye ne, siffar kan kaɗai ba ta isa ba.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ke cinye kuɗin mutane. Wani zai je kasuwar Sabon Gari ya sayi waya mai kan XLR a gefe ɗaya da RCA a ɗaya gefen, yana zaton ya sami tagwaye. Bai samu ba. Tunda amfilifayarsa ba ta da sashen da ke yin ɗebewar, sikelin mai faranti ɗaya ne. Irin wannan ce wayar makirfon yayana: XLR a gindin makirfo, jak mai zobe ɗaya a ɗaya ƙarshen. Makirfon kansa yana iya aika tagwaye, wayar ce ta mayar da shi tilo. Abin da maƙwabcinmu ya yi shi ne ya bar doguwar tafiyar ga waya tagwaye har zuwa mikisa mai iya ɗebewa, ya bar wa waya tilo tafiyar mita ɗaya kacal.

To a ɗaki fa?

Kada wani ya karanta wannan ya je ya matsa wa mahaifinsa sai an canza wayoyin falo. Tsakanin dikoda da kayan sautin ɗaki, tazarar ba ta wuce mita ɗaya ko biyu, kuma saƙon da ke bi ta nan ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na volt, wato ya ninka na makirfo sau da dama. Hayaniyar da gajeriyar waya za ta kwasa ba ta isa ta yi gogayya da shi ba. Waya tilo mai garkuwa mai kyau ta wadatar, kuma ita ce ma yawancin kayan gida ke karɓa. Mai tsada da aka shafa wa ruwan zinare tana jure tsatsa, amma ba ta yin ɗebewar da muka lissafa.

Wayar da ke tafiya daga amfilifaya zuwa sifika kuwa wata aba ce daban. Saƙonta ya riga ya yi ƙarfi, gurnani ba ya damunta. Ita kauri take buƙata, musamman idan za ta yi nisa. Don haka idan dole sai wata waya ta yi tsawo a wurin taro kuma ba ku da tagwaye, gara a kawo amfilifaya kusa da mai magana, a tsawaita ta sifika.

Akwai wani gurnanin da ke addabar gidaje ko da waya gajeriya ce. Yana faruwa ne idan na'urori biyu suna jone a soket daban-daban, ko kuma wayar dish ta shigo daga waje da nata haɗin da ƙasa. Ɗan bambancin lantarkin da ke tsakaninsu sai ya bi ta garkuwar waya tilo, wadda kuka tuna ita ce hanyar komawar saƙo, ya gauraya da shi. Sau da yawa maganin shi ne a jona dukan kayan sautin a wuri ɗaya. Idan ana zargin wayar dish, a zare ta a ji ko gurnanin zai tsaya.

Kowace ƙara da maganinta

Kafin ka ɗora wa waya laifi, saurari irin ƙarar. Gurnani mai kauri wanda ba ya yankewa, na wutar lantarki ne. Tsuwwa mai huda kunne tana zuwa ne idan makirfo ya ji sautin sifika ya sake mayar da shi, kuma maganinta a juya sifikar ta ba makirfo baya ko a rage murya. Ƙaras-ƙaras idan an taɓa waya alama ce dalma ta saki ko kai ya yi tsatsa. Dit-dit-dit ɗin nan da rediyo ke yi dab da shigowar kira, wanda muka saba da shi tun zuwan GSM Najeriya a 2001, wayar hannu ce ke aika saƙonta a gutsure, kusan sau 217 a sakan. A nesanta ta da kayan sautin.

Ga abin da za ku kiyaye idan aka ba ku aikin sa sauti a taron makaranta ko masallacin unguwa. Kada wayar makirfo ta yi tafiya a jere da wayar wuta. Idan dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa. A nesanta ta da caja, fanka, firiji da sitabilaiza. Kada a ƙara tsawonta da wayar da ba ta da garkuwa.

Gargaɗi mafi muhimmanci shi ne wannan: wasu kan karya doguwar ƙafar fulogi, wato ta wayar ƙasa, saboda sun ga gurnani yana raguwa. Kada ku yi, kada ku bari a yi. Wannan ƙafa ce ke kwashe wuta zuwa ƙasa idan na'ura ta lalace daga ciki. Idan babu ita, wutar volt 230 tana iya bin jikin amfilifaya ta bi garkuwar waya ta isa hannun mai riƙe da makirfo. Idan kuka ji makirfo yana ɗan jan leɓe ko hannu, a kashe komai nan take a kira mai gyara. Kada kuma ɗalibi ya buɗe cikin amfilifaya, domin wasu sassanta suna riƙe wuta ko bayan an kashe ta.

Gwada da kanka

Nemi ƙaramar sifika mai aiki da batiri wadda ke da ramin jak. Cire ta daga caji, rage muryarta, ka sa mata waya, sannan ka taɓa bakin ɗaya kan da yatsa. Za ka ji gurnani. Jikinka ne ya zama eriya, yana kwasar motsin wutar da ke cikin bangon ɗakin. Matsa kusa da caja da ke jone ka ji yadda ƙarar ke canzawa. Sannan ka jira a ɗauke wuta, ko ka fita gona nesa da turakun lantarki, ka sake gwadawa. Rubuta abin da ka ji a kowane wuri ka kai wa malamin Fiziks.

Wanda wannan ya burge shi, hanya a buɗe take. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana nan kan titin Gwarzo, maƙwabcin Rijiyar Zaki, kuma ana koyar da injiniyancin lantarki da aikin jarida a can. Gidajen rediyo, masu fim, masallatai da masu taron biki duk suna neman wanda ya san dalilin ƙara, ya kuma san maganinta. Mata ma ba a bar ku a baya ba, domin aikin kunne ne da lissafi.

Ƙanina yanzu yana aji biyar na sakandare. Bayan walimar nan ya riƙa zuwa wurin maƙwabcin namu ranar Asabar yana koyon liƙa kan waya da dalma. A azumin da ya wuce, shi ya ja wayar makirfon tafsiri a masallacin layinmu, kuma ya bi da ita ta bangon da babu wayar wuta.